SARKI, MADUGU DA JAGORA: ABIN DA BURO YA GADA DAGA DAJI

Duk wanda aikinsa shi ne juya takardun hukuma daga Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar kalma guda, wato "shef". Bafaranshe da ita yake kiran mai gari, da ita yake kiran darektan ma'aikata, da ita kuma yake kiran babban mai dafuwa na otel. Mu kuwa sai mun tsaya mun zaɓa: sarki ne, ko magabaci, ko madugu, ko jagora? Ai ba ɗaya ba ne. Sarki faɗuwa ake yi a gaishe shi. Madugu ana bin sa saboda ya san rijiyoyin hanya. Jagora kuwa sunansa ya faɗi aikinsa, shi ne mai jan gorar makaho, yana gaba amma hidima yake yi. Kakanninmu ba don ado suka yawaita kalmomin ga ba. Sun lura akwai wanda ake bi don tsoro, akwai wanda ake bi don amfani.

Yau akwai wani reshen ilimi da ya zo yana tabbatar da wannan bambanci ta wata hanya. Muna iya kiran sa ilimin gadon hali. Masu shi suna cewa yadda ɗan Adam ya gaji ƙirar hannunsa da ta idonsa, haka ya gaji wani sashe na halinsa, kuma halin nan an ƙera shi ne tun zamanin da mutane suke yawo ƙungiya-ƙungiya suna farauta da tsintar ƴaƴan itace. Tushen tunanin yana komawa ga Baturen Ingila Charles Darwin da littattafansa na 1859 da 1871. Ba mu zo gardamar asalin halitta a wannan shafi ba, kowa ya san inda ya tsaya. Amma abin da aka gani da ido, aka ƙidaya, aka rubuta, mai hankali yana iya duba shi ya ɗauki rabonsa.

Lissafinsu mai sauƙi ne. Ƙasusuwan da aka tono a Jebel Irhoud, cikin ƙasar Maroko, waɗanda aka bayyana shekarunsu a 2017, sun nuna mutum irinmu ya kai wajen shekara 300.000 a duniya. Noma kuwa bai wuce shekara 12.000 ba. Ma'aikata mai buro da albashi da ƙarin girma, jiya-jiya ce. Ke nan zuciyar da muke shiga buro da ita kowace safiya ba a buro ta yi wayo ba.

Bari mu fara da birai, tun da Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Frans de Waal, ya share shekaru yana kallon garken manyan birai da ake kira shimpanze a gidan dabbobi na garin Arnhem, ya fitar da littafi a kansu a 1982. Akwai wani tsoho mai suna Yeroen da yake riƙe da garken. A 1976 wani ƙaƙƙarfa, Luit, ya ture shi. Tsohon bai haƙura ba. Sai ya jawo wani matashi, Nikkie, suka haɗa kai, suka kayar da Luit, matashin ya hau, tsohon kuwa yana bayansa yana juya al'amura. A 1980 su biyun suka far wa Luit da dare, ya mutu daga raunukan. Duk wanda ya taɓa zama cikin wani kwamiti zai ce labarin bai yi masa baƙo ba.

To amma abin da ya fi muhimmanci cikin binciken de Waal ba kisan ba ne. Ya lura cewa ƙarfi shi kaɗai ba ya riƙe garke. Wanda ya hau, in yana son ya daɗe, sai ya riƙa raba faɗa, ya tsaya wa mai rauni, ya sami yardar matan garken, musamman wata babbarsu da ake kira Mama. Ko a wurin biri, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A wurin mutane abin ya wuce nan. Richard Lee, wani masani daga Kanada, ya zauna da mafarautan hamadar Kalahari, a ƙasar Botswana, cikin shekarun 1960. Da zai yi musu godiya, sai ya sayi sa mafi ƙiba da ya samu domin bikin Kirsimeti. Maimakon yabo, duk wanda ya zo sai ya kushe san, ya ce ƙashi ne da fata, ba zai ƙosar da kowa ba. Ran mutumin ya ɓaci ƙwarai. Da aka yanka, ga kitse har ya yi yawa, su kuwa suna ta dariya. Daga baya suka fahimtar da shi cewa haka suke yi wa kowane maharbi da ya kawo babban nama, don kada kansa ya kumbura ya ɗauki sauran mutane bayinsa. Har wata dabara gare su: naman na mai kibiya ne, ba na wanda ya harba ba, kuma suna musayar kibau tsakaninsu. Lee ya buga labarin a 1969.

Christopher Boehm, wani masani na Amurka, ya tattara irin waɗannan labarai daga al'ummomi masu yawa, ya fitar da littafi a 1999. Ya ga matakan kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mai son danne jama'a, da farko ba'a ake yi masa. In bai ji ba, a ƙi bin umurninsa. In ya ci gaba, a tashi a bar masa wurin. In ya zama barazana, a kashe shi. Jagoranci a wurinsu na lokaci ne kuma na fanni: wanda ya san sawun dabba shi ke gaba ranar farauta, wanda ya iya magana shi ke gaba ranar sulhu, gobe kowa ya koma daidai da kowa. Wato linzamin magabaci a hannun mabiya yake.

Daga nan ne Joseph Henrich da Francisco Gil-White suka rarrabe, a 2001, hanyoyi biyu na samun girma. Ta farko ita ce danniya: ana sunkuyar da kai gabanka, ana kauce maka, ana jiran ranar da za ka faɗi. Ta biyu ita ce martaba: ana matsowa kusa da kai, ana kallon hannunka don a koya, ana ba ka girma ba tare da ka roƙa ba. Mu nan ba mu buƙatar tafiya Kalahari mu ga ta biyun. A karkarar Maradi, manomi ba ya zama sarkin noma da takarda. Sai ya tara dami dubu, ya tara jama'a, ya ciyar, ya rabar. Sarautar tasa a gona aka auna ta, kuma da kyauta ya saye ta. Madugun ayarin Bilma ma haka: ranar da ya ɓatar da rijiya, ranar madugancinsa ya ƙare.

To ina matsalar take? Mark van Vugt, malami a wata jami'a ta Amsterdam, da abokan aikinsa Robert Hogan da Robert Kaiser, sun ba da amsa a 2008. Sun ce tsohon hali da sabon wuri ba su dace ba. Kuma ni a ganina rashin dacewar ta fito ta fuska biyu, ɗaya wajen zaɓen magabaci, ɗaya wajen riƙe shi.

Wajen zaɓe, har yanzu idonmu yana neman wanda zai tsaya gabanmu ranar da zaki ya fito. A 2004 Timothy Judge da Daniel Cable sun duba albashin dubban ma'aikata a Amurka da Ingila, suka tarar kowane santimita biyu da rabi na ƙarin tsawo yana tafiya da ƙarin dalar Amurka 789 a shekara. Ina ruwan lissafin kasafin kuɗi da tsawon ƙafa? A 2005 Alexander Todorov, a jami'ar Princeton, ya riƙa nuna wa mutane hotunan ƴan takara biyu da ba su sani ba, na daƙiƙa guda tak, ya ce su nuna wanda ya fi kama da gwani. Wajen sau 7 cikin 10, wanda suka nuna shi ne ya ci zaɓen majalisar dattawan Amurka.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na ƙasar Suwis. A 2009 John Antonakis da Olaf Dalgas, na jami'ar Lausanne, suka tara yara 681, masu shekara 5 zuwa 13. Suka sa su wani wasa na tafiyar jirgin ruwa, sa'an nan suka nuna musu fuskoki bibbiyu, suka ce su zaɓi wanda zai tuƙa musu jirgin. Yaran ba su san cewa fuskokin na ƴan takarar depite ne a zaɓen Faransa na 2002 ba. Kashi 71 bisa 100 na zaɓin yaran ya faɗa kan wanda ya ci. Manya masu katin zaɓe, da suka saurari jawabai suka karanta jaridu, ba su wuce ɗan lakwal mai shekara bakwai ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin zuciya wataƙila, amma labarin iya aiki fuska ba ta san shi ba. Akwai kyan ɗan maciji.

Fuska ta biyu ta fi tsanani, kuma a kanta nake son mu daɗe. Ma'aikatar zamani ta kwance linzamin daga hannun mabiya. Darekta ba waɗanda ke ƙarƙashinsa suka zaɓe shi ba, daga sama aka naɗo shi, don haka sama yake kallo. Ba a yi masa ba'a, sai dai a bayan idonsa. Ba a ƙin umurninsa, domin shi ke ba da makin ƙarshen shekara. Ba a tashi a bar masa wurin, domin akwai iyali da kuɗin haya. Maharbin Kalahari yana iya naɗe tabarmarsa ya koma wata rijiya wurin dangin matarsa. Sakataren buro ina za shi? Duk matakan da Boehm ya lissafa an toshe su. Ba abin mamaki ba ne da van Vugt da abokansa suka kawo cewa, a binciken da ake yi cikin ma'aikatu, kashi 60 zuwa 70 bisa 100 na ma'aikata suna cewa abin da ya fi ɗaga musu hankali a wurin aiki shi ne hulɗa da shugabansu na kusa.

Ga kuma yawa. Robin Dunbar, masanin Ingila, ya ƙiyasta a 1992 cewa mutanen da ɗan Adam zai iya sani sani na haƙiƙa ba su wuce wajen 150 ba. Cikin irin wannan taro kowa ya san wanda ke aiki da wanda ke cika baki. In ma'aikata ta kai mutum dubu biyar, sai a koma auna mutum da rahoto da iya tsayuwa gaban manya. Kamfanin Gore na Amurka, mai yin yadin Gore-Tex, ya shahara da cewa in ma'aikatan masana'anta guda suka kai 150 zuwa 200, sai ya gina wata dabam.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan maganar jin daɗin ma'aikaci ce kawai. Magana ce ta rai. Ranar 27 ga watan Maris na 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife, ƙasar Spaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka, suna kan hanyar tashi guda, hazo ya rufe ko'ina. Matuƙin KLM ba ƙaramin mutum ba ne: shi ne babban mai horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, hotonsa ne ma a tallarsu. Ya fara tayar da jirgi, mataimakinsa ya tuna masa ba a ba su izini ba, ya dakata. Jim kaɗan ya sake tayarwa, yana zaton iznin ya samu, wannan karon mataimakin bai tsayar da shi ba. Injiniyan jirgin ya yi tambaya, ko ɗaya jirgin ya riga ya kauce? Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Ba wanda ya ƙara magana. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Gaskiya ne akwai wasu dalilai, ga hazo, ga muryoyi da suka haɗu a rediyo suka toshe juna. Amma masu bincike sun tsaya a kan wancan shiru na mutum biyu masu ilimi, waɗanda suka yi shakka, suka haɗiye. Mene ne maganin da aka samo? Ba a ce a nemo matuƙa marasa kuskure ba, don babu su. An mayar wa na ƙasa da linzami ne, da doka da horo. Tun daga 1981, lokacin da kamfanin United Airlines ya fara, ana koya wa mataimaki yadda zai faɗi shakkarsa a fili, ya maimaita, ya ƙi yarda in ta kama. Ana koya wa matuƙi cewa sauraro yana cikin aikinsa. Yau wannan horo wajibi ne a sufurin sama na duniya, har asibitoci sun ara domin ɗakin fiɗa.

Na taɓa zama a wani taro, ba sai na faɗi wurin ba, inda aka karanta takarda mai lissafin da bai tashi ba. Mu wajen goma muka gani. Kowa ya duƙar da kai yana jiran wani ya fara, ni ma ina ciki. Aka buga takardar, aka aika da ita, ta dawo. Ba wanda ya mutu, sai kunya da asarar wata biyu. Amma shirun iri ɗaya ne da na Tenerife.

Yanzu sai mu yi hattara, domin wannan ilimi yana da ramukansa. Na farko, yana da sauƙi mutum ya ga wani hali yau ya ƙaga masa labarin daji, tun da ba wanda ya je can ya dawo. Lissafin Dunbar kansa, wasu masana na Stockholm sun sake shi a 2021 suka ce ba a iya tsayar da lamba guda. Na biyu, Henrich da abokansa sun nuna a 2010 cewa kashi 96 bisa 100 na mutanen da ake gwaji a kansu cikin manyan mujallun ilimin hali sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 bisa 100 na mutanen duniya ba. Abin da aka auna a Princeton ba lalle ya zama haka a Tawa ko Damagaram ba. Na uku, kuma shi ya fi haɗari, akwai masu ɗaukar "haka muka gada" su mayar da shi "haka ya kamata". Da wannan hujja ake cewa shugabanci na namiji ne dogo mai babbar murya. To ai giwa ma daji take. Karen McComb ta nuna a 2001, a dajin Amboseli na Kenya, cewa garken da tsohuwar giwa ke ja ya fi iya rarrabe kukan na gida da na baƙo. Abin da garken yake bi a wurinta sani ne da daɗewa. Mutanen Lugu kuwa, da suka tsaya bayan Sarauniya a 1899, ba su jira wani masani ya ba su izini ba.

Amfanin sanin gado shi ne a san inda za a kafa shinge. Mun riga mun yi haka a wuri guda ba tare da mun kira shi da wani suna ba: a jarrabawa ana rufe sunan ɗalibi kafin mai gyara ya ga takarda, domin mun san zuciya tana karkata. Me zai hana a kai wannan hikima wajen naɗa darekta, a duba abin da ya gama a inda ya fito kafin a ga tsayinsa da rigarsa? Me zai hana, in za a ba shugaban sarwis maki, a tambayi waɗanda suka yi shekara uku ƙarƙashinsa, a asirce? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. A wurin taro kuma, a bar ƙarami ya fara faɗin ra'ayinsa, babba ya yi magana daga ƙarshe; in babba ya riga ya furta, sauran sai amin.

Wani zai ce wannan zai zubar da girman manya, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya tsaya gaban babba yana musu ba. Ina girmama wannan magana, amma ba ta cika ba. Al'adar da ta koya mana kunya ita ce kuma ta buɗe ƙofar wasa tsakanin jika da kaka, tsakanin taubasai, tsakanin Bafillace da Babarbare, inda ake faɗa wa mutum gaskiya mai ɗaci cikin dariya, ba shi da ikon fushi ko da rawani ne a kansa. Hukumar UNESCO ta sanya wannan wasa na ƙasar Nijar cikin gadon duniya a 2014. Fada ma tana da waziri da galadima da liman masu iya cewa "a sake dubawa". Buro ne ya ɗauko rawanin ya bar taubashin a waje.

Saura tambaya guda: wurin da danniya ta riga ta yi saiwa, yana gyaruwa? Robert Sapolsky da Lisa Share sun bi wani garken bika, wato gwaggon biri, a Kenya shekara da shekaru. Wajen tsakiyar shekarun 1980, mazan garken mafiya faɗa suka riƙa zuwa jujin wani masaukin baƙi suna cin ragowar nama, don su kaɗai ke iya ƙwatar wuri a can. Naman yana ɗauke da tarin fuka, ya kashe su, kusan rabin mazan garken. Waɗanda suka rage masu sanyin hali ne, sai cizo ya ragu, gyaran gashin juna ya ƙaru. A al'adar bika, namiji in ya balaga barin garkensu yake yi ya shiga wani. Zuwa 1993 babu ko ɗaya daga cikin mazan farko da ya saura, duk baƙi ne da suka taso cikin garkuna masu faɗa. Amma da masanan suka sake aunawa, garken yana nan da sanyinsa, kuma jinin ƙananan mazan bai nuna alamun firgita irin na takwarorinsu na sauran garkuna ba. Sun buga sakamakon a 2004.